Jirgina na katako yana karkata hagu: sai na sayo balsa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne, ina zaune a Gwallameji nan Bauchi. Na haɗa ƙaramin jirgin sama na katako mai batir da farfela, fiffikensa santimita 120 daga wannan ƙarshe zuwa wancan, faɗinsa santimita 20. Haƙarƙarin cikin fiffiken da filawud mai kaurin milimita 6 na yanka su, na manna da Evostik, na rufe da selotef. Sau uku ina jefa shi, duk sai ya karkata hagu ya kifa da hanci. Abokaina sun ce dole sai na yi odar balsa, katakon nan mai sauƙin nauyi, daga waje. Haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Sannu da ƙoƙari, kuma ka riƙe kuɗinka tukuna. Da yau za a sauke maka balsa cike da a-kori-kura, ka sake ginin yadda ka yi na farko, jirgin zai sake karkata. Daga bayaninka cuta biyu nake gani a fiffiken nan. Ya yi nauyi, sannan ina da yaƙinin a murɗe yake. Rashin balsa na da ɗan hannu a ta farkon, amma ta biyun, wadda ita ke kayar maka da jirgi, a kan teburin da ka yi aikin ta samo asali.

Kafin ka ɓalle komai, yi wannan gwajin. Ɗora jirgin a kan tebur, ka ja da baya taku huɗu ko biyar, ka durƙusa ka hango shi ta wutsiya, ido ɗaya a rufe, kamar kafinta na duba miƙewar falanki. Ka riƙa yin ƙasa da kanka a hankali har cikin fiffiken, wato ƙasansa, ya fara bayyana. Dama da hagu ya kamata su bayyana lokaci guda, kuma daidai wa daida. In ka ga cikin na hagu ya riga na dama fitowa, ko bakin baya na hagu ya ɗaga sama fiye da ɗan'uwansa, to ga ɓarawon nan. Ɓangaren da bakin bayansa ya yi ƙasa yana cin iska fiye da ɗayan, sai ya ɗaga, ya tura jirgin ya kwanta ta ɗaya gefen. Bambancin milimita 3 kacal ya isa ya yi wannan aika-aika. Akwai wasu dalilai biyu da ke kawo karkata hagu, kuma raba su ba wuya. In gefe ɗaya ya fi nauyi, za ka gane in ka rataye jirgin da zare ta hanci da wutsiya, gefen zai rinjaya. In kuma farfela ce, domin farfelar da ke juyawa dama tana murza jikin jirgin zuwa hagu, to ka jefa shi da inji a kashe a kan ciyawa, zai tafi a miƙe. Murɗewa kuwa alamarta ita ce duk yadda gudu ya ƙaru sai karkatar ta ƙaru.

Maganar nauyi lissafi ne, mu yi shi tare. Haƙarƙari ɗaya na fiffike mai faɗin santimita 20, in an yanka shi da filawud na milimita 6, zai kai giram 11 ko 12. Fiffike irin naka yana cin haƙarƙari wajen 22, ka ga giram 250 sun tafi ke nan tun ba ka sa gam ba. In da farin katakon obeche ne mai kaurin milimita 2, duka 22 ɗin ba za su wuce giram 55 ba, in ka huhhuda su ma su sauko ƙasa da 40. Da balsa kuwa giram 22 ne ko kusa da haka. To dubi inda asarar take: tsakanin balsa da obeche giram 30 ne, tsakanin obeche da abin da ka yi giram 200. Abokanka sun hango ƙaramin rami sun tsallake babba.

Abin da ya sa muke ƙwauron giram haka shi ne, fiffikenka yana da fili santimita murabba'i 2,400, wato ɗakuna 24 masu santimita 10 sau 10. Jirgin koyo yana daɗin hannu in kowane ɗaki bai ɗauki fiye da giram 40 zuwa 45 ba, ma'ana jirgin gaba ɗaya, da batir da komai, ya tsaya wajen giram 900 zuwa kilo 1. A wannan nauyin yana buƙatar gudun kusan kilomita 30 a awa don ya zauna a iska, kuma hannun mutum na iya jefa shi da wannan gudun. In nauyin ya ninka, gudun da yake buƙata zai ƙaru da kashi 40 cikin 100, ka wuce ƙarfin damtsenka ke nan, sai ya bar hannunka ya faɗi kamar buhu. Ga shi Bauchi tana kan tudu kimanin mita 600 sama da teku, ga zafin Maris da Afrilu, iskarmu a lokacin ta fi ta lissafin littafi sirantaka da fiye da kashi 10 cikin 100. Jirgin da zai tashi da ƙyar a bakin teku, a nan ƙi zai yi.

Balsa itace ce ta Kudancin Amurka, mafi yawan ta kasuwa daga Ekwado take fitowa, kuma nauyinta wajen kilo 160 ne a kowace mita kubik, wata ta fi, wata ta gaza. Obeche, wanda Yarbawa ke kira arere, yana wajen kilo 380. Ya ninka ta fiye da sau biyu, amma ya fi ta ƙarfi, saboda haka inda littafi ya ce balsa milimita 3, kai ka sa obeche milimita 1.5 ko 2. Je kasuwar katako ta Muda Lawal ka nemi gutsuren obeche mai kaurin inci 2, ka ɗaga guda uku ko huɗu da hannu ka zaɓi mafi sauƙi, wanda jijiyarsa ta tafi a miƙe ba ƙulli. Ka roƙi mai injin tsaga ya fere maka shi siri-siri daga gefe, milimita 3, sauran ka cinye da samfefa a gida. Zai yi maka kallon mahaukaci, ka haƙura, ka ƙara masa na goro. Malaina ma tana yi in obeche ya gagara, sai dai ta ɗan fi nauyi. Ɓargon tukurwa da ɓargon kara, waɗanda muka yi motar kara da su muna yara, suna da kyau wajen cike ƙarshen fiffike da sassaƙa goshi, wato bakin gabansa, amma kada ka ɗora musu kaya. Kuma in kana goge obeche ka rufe hancinka, ƙurarsa sananniya ce wajen tayar da asma.

Yanzu abin da littattafan Turai ba za su gaya maka ba, domin ba su san hunturunmu ba. Katakon da ke zuwa mana daga kudu da ruwa a jikinsa yake zuwa. Itace kuma ba ta raguwa ta tsawo in ta bushe sai ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ta faɗi take tsukewa, kuma ba daidai take tsukewa ko'ina ba. Ni fiffikena na farko a watan Agusta na gina shi, ana tsakar ruwa, da katakon da mai sayarwa ya rantse mini ya bushe. Ya fito tsaf, har na rataye shi a bangon ɗaki ina nuna wa baƙi. Ina shiga Disamba, wata safiya na ɗaga kai na ga ya lanƙwashe kamar kilishin da aka manta a rana, ƙarshen dama ya kalli rufi, na hagu ya kalli tabarma. Tun daga ranar duk katakon da na tsaga sai na jera shi a inuwa cikin ɗaki, na sa 'yan tsinkaye tsakanin kowane falle don iska ta ratsa, na danne da bulo, ya yi mako biyu ko uku. Wanda ya karkace a wannan zaman na ba yara su hura wuta. Gara ya nuna halinsa tun bai shiga jirgi ba. In kana da zaɓi, yi gininka a cikin hunturu ko bazara, lokacin da katakon ya gama duk tsukewar da zai yi.

Siffar haƙarƙari kada ka ƙirƙiro ta da ka. Nemi zanen da ake kira Clark Y a intanet, ka buga shi a takarda da tsawon santimita 20. Wani injiniyan Amurka, Virginius Clark, ya fitar da ita a 1922, kuma ita ce a fiffiken jirgin da Lindbergh ya ƙetare Atlantika da shi a 1927. Kaurinta kashi 11.7 cikin 100 na faɗin fiffike, a naka milimita 23 da ɗoriya ke nan, kuma wurin da ya fi kauri yana wajen santimita 6 daga goshi. Mu masu ƙananan jirage abin da ya sa muke son ta shi ne cikinta shimfiɗaɗɗe ne daga nan har baya, tana kwanciya lif a kan allo ba sai an yi mata waigi ba. Filawud ɗinka a nan zai yi amfani: yanka samfuri biyu da shi, ka goge su sumul, ka jera fallayen obeche 11 a tsakaninsu, ka huda duka ka ɗaure da noti biyu. Sai ka sassaƙe ka goge har su daidaita da samfurin, su fito kamar burodin da aka yayyanka. Tun suna ɗaure ka yanka gurbin azara sama da ƙasa da zarton ƙarfe. Haka kowane zai zama tagwayen ɗan'uwansa. Jijiyar katakon ta bi tsawon haƙarƙarin, daga goshi zuwa baya.

Na ce azara, domin sandar da ke ratsa fiffike daga gindi zuwa ƙarshe aikin azarar soro take yi, duk nauyin jirgin a kanta yake. A nan ne mutane ke ɓarnar nauyi, su sa sanda ɗaya mai kauri a tsakiya. In fiffike yana ɗauke da jirgi lanƙwasa yake yi sama, saman azarar ana matse shi, ƙasanta ana jan sa, tsakiyar kuwa zaman banza take yi. Saboda haka siraran sanduna biyu ake sawa, milimita 5 sau 5, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, a daidai santimita 6 daga goshi. Sannan a haɗe su da 'yan fallayen katako na milimita 1.5 a tsakanin kowane haƙarƙari biyu, kuma jijiyar waɗannan fallayen a tsaye take, daga sama zuwa ƙasa. Wannan ƙaramin abu shi ne wanda aka fi tsallakewa, kuma shi ne ke mayar da tsinke biyu su zama ginshiƙi. Gwada da hannunka: lanƙwasa fiffiken kafin ka sa su, ka sake bayan sun bushe, za ka yi mamaki. Ta saman ce ke fara karyewa, don siririn abu in aka matse shi gocewa yake yi gefe, saboda haka sandar da ta fi kyau cikin biyun ita za ka sa a sama. In ka samu katakon akwatin kaya irin na waje, mai ƙamshin ƙaro, ya fi obeche a wannan gurbin.

To ga inda nake so ka ba ni hankalinka duka, allon gini. Fiffike kwafin abin da aka gina shi a kai ne. In teburin ya lotsa milimita 2, fiffiken zai lotsa milimita 2, kuma gam zai riƙe wannan lotsawar har abada. Teburin karatun ɗalibi, benci, tabarma a kan siminti, duk ba sa yi. Nemi gilashi mai kauri, ko ƙyauren ƙofa sabo mai santsi, ka aza doguwar rula ta ƙarfe a kai ta tsaye da ta kwance da kusurwa zuwa kusurwa, ka leƙa ko haske na wucewa ta ƙasa. In ya yi, shimfiɗa gutsuren silin mai laushi a kai don fil ya samu wurin shiga, sai zanen fiffiken, sai farar leda a sama don kada gam ya kama takardar. Rabi-rabi ake ginawa, santimita 60 kowanne, kuma ka tuna ɗaya na dama ne ɗaya na hagu. Kada ka yi dariya, na taɓa gina na dama guda biyu.

Kafa azarar ƙasa da sandar bakin baya da fil irin na tela, amma kada ka soka fil a cikin siririyar sanda, tsagewa za ta yi, gicciya biyu a kanta su danne ta. Jera haƙarƙari kowane santimita 6, kana tsayar da kowanne da kwalin ashana don ya miƙe. Sai azarar sama, sai sandar goshi, sai fallayen tsakani. Ƙa'idar da ba na sassautawa ita ce, duk abin da sai ka danna shi da ƙarfi kafin ya zauna, cire shi ka gyara. Katakon da aka tilasta wa zama yana nan yana jiran ranar da za a zare fil ya koma inda ya fito, ya ja sauran ya tafi da su.

Evostik ɗin nan ka bar wa masu takalmi da kujerun kushin. Ko ya bushe roba ne, yana miƙewa, saboda haka gaɓoɓin fiffikenka motsi suke yi, kuma da ka ja selotef a kai sai duk ginin ya bi inda aka ja shi. Farin gam na kafintoci, irin su Top Bond, shi ne abokin aikinka. Ɗiga kaɗan da tsinken tsire, ka share wanda ya fito, domin gam da ya taru a gefe nauyi ne kawai. Akwai ruwa a cikinsa, katako zai ɗan kumbura, don haka ka bar fiffiken a kafe a kan allo kwana ɗaya cur ko da ya yi kama da ya bushe. Da hunturu fatarsa na bushewa cikin minti kaɗan alhali cikinsa ɗanye ne, wannan ke yaudarar masu gaggawa. Sufa gulu yana da amfani wajen riƙe abu na ɗan lokaci, sai dai yana da gautsi kuma samfefa ba ta cin sa da sauƙi.

Wajen haɗa rabi biyun, kada ka bar fiffiken a shimfiɗe. Kowane ƙarshe ya ɗaga sama kimanin digiri 5, a tsawon santimita 60 wannan santimita 5 ne da ɗan kai. Wannan ɗan ɗagawar ce ke sa in iska ta karkata jirgin yake dawowa da kansa. Kwantar da rabi ɗaya a allo, ka tokare ƙarshen ɗayan da abu mai tsayin santimita 10, ka goge gindinsu har su haɗu ba rata. Sai ka yanka filawud na milimita 3 mai siffar buɗaɗɗen baki, ya shiga aƙalla ɗaki biyu na tsakanin haƙarƙari ta kowane gefe, ka manna shi a jikin azara da gam mai haɗi biyu irin Araldite, mai jinkirin kamawa ya fi na minti huɗu. Wannan gaɓar ce kaɗai ban yarda a yi mata rowa ba. Akwai kuma murɗewa ɗaya da muke yi da gangan: tun kana gini ka cusa abu mai kaurin milimita 4 ko 5 a ƙarƙashin bakin baya a can ƙarshen fiffike, dama da hagu daidai. Amfaninta, in gudu ya ragu gindin fiffike ne zai fara sakin iska kafin ƙarshensa, sai jirgin ya sunkuyar da kai a hankali maimakon ya wuntsila gefe.

Guga kuma da samfefa a manne a jikin miƙaƙƙen katako mai tsawon santimita 30 ake yin ta, ba a tafin hannu ba. Goshi ya zama mai zagaye kamar ƙwai, kada ka fiƙe shi, bakin baya ne ke son siranta.

Rufi shi ne wuri na ƙarshe da ake murɗe fiffike mai kyau. Ledar da aka yi don wannan aikin, irin Oracover, tsada gare ta kuma sai an yi oda. Abin da nake amfani da shi ledar laminatin ce ta nadi, siririyar da ake rufe bangon littafi da ita a wurin masu ɗab'i, ba mai kaurin nan ta katin shaida ba. Tana da gam a jikinta, dutsen guga mai matsakaicin zafi ke manna ta kuma ya ɗame ta. Fara da ƙasan fiffike, sannan samansa. Manna gefuna kewaye tukuna, sai ka ɗame kaɗan a ƙasa, ka juya ka ɗame kaɗan a sama, dama sannan hagu, kana yi kana hangowa ta baya. In ka gama gefe ɗaya tas kafin ka taɓa ɗayan, zai ja firam ɗin kamar fatar ganga. Selotef ma yana yi in ba hali, amma shimfiɗa shi ake yi, ba a ja. Idan ƙaramar murɗewa ta fito bayan rufi, sa wani ya riƙe gindin, kai ka murɗa ƙarshen ya ɗan wuce daidai ta ɗaya gefen, ka bi tamojin da ya fito da dutsen guga, ka riƙe har ya huce. Kuma kada ka bar fiffike a rana ko cikin mota a rufe, rabin awa ya isa ya ɓata aikin mako biyu.

Wanda ke hannunka yanzu, ni dai ba zan ɓata lokaci a kansa ba. Cire samfuri biyu daga haƙarƙarinsa in siffarsu ta yi, sauran ka rataye a bango. Sabon ka sa masa burin giram 200 zuwa 230 da rufinsa, ka riƙa aunawa a sikelin masu sayar da zinari ko na kicin a kowane mataki. Ɗaure shi a jikin jirgin da robar tif ɗin babur da aka yanka siri-siri, a maƙale a tsinken gora biyu, don in ya faɗi fiffiken ya zame maimakon ya karye. Kafin jifa, ɗora jirgin a kan yatsu biyu a ƙarƙashin azara, santimita 5 zuwa 6 daga goshi, ya tsaya daidai ko hancin ya ɗan sunkuya. In wutsiya ta rinjaya, matsar da batir gaba, kada ka jefa shi a haka, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Fita bayan sallar asuba kafin iska ta taso, ka sami fili mai ciyawa nesa da filin jirgi na Durum da barikin soja da wayoyin wuta, ka fuskanci iska, ka tura shi a miƙe hanci ɗan ƙasa, inji a kashe. In ya yi tafiyar mita 10 ko 15 bai karkata ba, sai ka sa wuta rabi a jifa na gaba. In ya sake karkata, ɗauko mini hotonsa ta wutsiya, kyamarar a daidai tsayin fiffiken, da nauyin kowane rabi daban.